Me ya sa antibayotik ya kasa warkar da jijiyar robar mahaifinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da aka yi wa mahaifinmu aiki, aka sa masa jijiyar jini ta roba daga ciki zuwa cinyoyinsa biyu, saboda jini ba ya isa ƙafafunsa. Ya ji daɗin aikin sosai. Wata biyar da suka wuce sai kumburi ya fito masa a gindin cinyar hagu, daidai tabon aikin, ya fashe yana tsiyayar ruwa-ruwa. Sau uku ana ba shi antibayotik. In yana sha wurin ya kame, in ya gama ya dawo. Ba ya zazzaɓi, gwajin jini ma bai nuna komai ba. Yanzu likitan tiyata ya ce sai an cire robar, mu kuma muna jin tsoro. Ba za a iya ba shi magani mafi ƙarfi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da shi. Tsoronku yana kan hanya, domin cire jijiyar roba ba ƙaramin aiki ba ne. Amma bari in faɗa maka tun daga farko, ɗan'uwa: matsalar ba ta rashin ƙarfin magani ba ce, kuma neman wanda ya fi ƙarfi ba zai kai ku inda kuke fata ba. Yadda ka zayyana ciwon nan, kumburi a tabon aiki bayan shekara biyu, ɗan rami mai tsiyaya, ba zazzaɓi, ya lafa da magani ya dawo in an daina, haka muka san robar da ƙwayoyin cuta suka gina gida a kanta take yi. Gidan nan shi ake kira bayofim. In ka gane yadda yake, ka gane dalilin likitan Baba.

Ka san bayofim ko da ba ka taɓa jin sunansa ba. Santsin da ke kan dutse a cikin rafi, mai kwashe ƙafar mutum, shi ne. Yauƙin da ke taruwa a cikin bututun ruwa, shi ne. Dattin da harshenka ke ji a kan haƙori in ka tashi daga barci, shi ma shi ne, kuma ka lura, ko sau nawa ka kuskure baki ba ya fita sai an goge. A 1683 Antonie van Leeuwenhoek, mutumin Holan da ya fara ganin bakteriya da madubin ƙara girma, ya kankaro dattin haƙorinsa ya duba, ya ga ƙananan halittu birjik suna motsi. Ya kuma lura cewa in ya kuskure baki da ruwan khal, na sama-sama ne kawai ke mutuwa, na cikin dattin suna nan garau. Sai da aka yi kusan shekara ɗari uku kafin masana su ɗauki wannan da muhimmanci. A 1978 Bill Costerton na Jami'ar Calgary a Kanada da abokan aikinsa suka nuna cewa yawancin bakteriya ba yawo suke yi ɗaiɗaiku a cikin ruwa ba. Manne suke a jikin wani abu, jama'a guda, lulluɓe da yauƙin da su da kansu suka ƙera.

Ita kuwa jijiyar, roba dai muke ce mata, amma irin wadda ake sawa daga babbar jijiyar ciki, wato awota, zuwa cinyoyi, galibi saƙa ce ta zaren foliyesta mai suna Dacron. Arthur Voorhees ne ya fara nuna cewa bututun yadi zai iya ɗaukar jini, a 1952, Michael DeBakey kuma ya yaɗa amfani da Dacron a shekarun 1950. Daga baya, a shekarun 1970, aka samu wata iri mai suna PTFE, wadda aka fi sawa a ƙafa da kuma hannun masu wankin ƙoda. Waɗannan bututai sun ceci rayuka da ƙafafu da ba su ƙirguwa, kuma Baba shaida ne. Sai dai suna da rauni guda: jini na bi ta cikinsu, amma su ba su da jini a jikinsu. Naman mutum cike yake da ƙananan jijiyoyi masu kai sojojin jiki da magani kowane lungu. Saƙar Dacron ba ta da ko ɗaya. A jikin ɗan Adam, ko shimfiɗar nan mai laushi da ke cikin jijiya ta asali ba ta rufe robar, iyakarta santimita ɗaya ko biyu daga bakin ɗinki.

Illar baƙon abu a cikin jiki an auna ta tuntuni. A 1957 wasu masu bincike biyu a Landan, Elek da Conen, suka gwada a fatar mutanen da suka ba da kansu. Sai an sa ƙwayar Staphylococcus aureus sama da miliyan ɗaya kafin maruru ya fito. Da aka haɗa da zaren ɗinki na siliki guda ɗaya, 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka sun isa. Bambancin ya kai ninki dubu goma. A 1982 Werner Zimmerli da abokansa a Suwizalan suka ga irin haka a jikin ɓeran Masar da aka dasa wa baƙon abu a ƙarƙashin fata: ƙwaya ɗari kacal ta isa ta kafa ciwo. In zare ɗaya ya yi haka, ka ƙiyasta bututun saƙa mai reshe biyu.

Ga yadda abin ke faruwa. Cikin 'yan mintoci da sa roba, sinadaran furotin na jini, irin su fibrinojin da fibronektin, sun lulluɓe ta. Daga nan an shiga abin da Anthony Gristina ya kira tseren kama fili a 1987. In ƙwayoyin naman jiki suka riga zuwa, sai su shiga ramukan saƙar su kame ta, ta zama kamar ɓangaren jiki, baƙo kuma ya rasa wurin sa ƙafa. In bakteriya ta riga, tana da 'yan ƙugiyoyi a bayanta da suka dace da waɗancan furotin daidai wa daida. Ta maƙale, ta hayayyafa, ta fara fitar da yauƙi wanda ya haɗa da sukari mai danƙo da furotin da tarkacen gadon halittar 'yan'uwanta da suka mutu. Sannu a hankali abin ya yi kauri, ya zama kamar suri, da hanyoyin shigar abinci da na fitar da datti. Har sadarwa suke yi da sinadarai, suna sanin yawansu, in sun cika wasu su ɓalle su fita neman sabon wuri.

Za ka ce to yaushe suka shiga, tunda shekara biyu Baba yana lafiya? Mafi yawan lokuta tun ranar aikin, ko cikin kwanakin da rauni bai gama rufewa ba. Ina so ka riƙe wannan da kyau, kada ya zama zargi: ba dole sai an yi sakaci ba. Fatar kowane mutum tana ɗauke da bakteriya a cikin ramukan gashi da na gumi, inda maganin goge fata ba ya kaiwa gaba ɗaya. Gindin cinya kuwa ya fi ko'ina wahala, don wuri ne mai lanƙwasa da danshi, ga kaluluwa da hanyoyin ruwan jiki da ake yankawa a shiga, ga jijiyar tana kusa da fata. Shi ya sa robar da ke cikin ciki kaɗai ba ta kai 1 cikin 100 da ke kamuwa, amma in aiki ya taɓa gindin cinya adadin yakan ninka, a wasu rahotanni har 4 zuwa 6 cikin 100. Ciwon suga, shan taba, ƙiba, gyambo a ƙafa lokacin aiki, da sake buɗe wuri ɗaya fiye da sau ɗaya, duk suna ƙara haɗarin. Akwai kuma waɗanda ƙwayar ke zuwar musu daga baya ta cikin jini, daga ciwon mafitsara ko ruɓaɓɓen haƙori ko allurar ƙarin ruwa da ta daɗe a hannu, amma su ne 'yan kaɗan.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Me ya hana maganin aiki?

Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suna ɗauka yauƙin ganuwa ce da magani ba ya iya hudawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin wasu magunguna kamar bankomaisin suna shiga a hankali, wasu kuma yauƙin na riƙe su a hanya. Amma magunguna da dama suna ratsawa har ƙasa, kuma duk da haka ƙwayoyin ba sa mutuwa. Babban dalilin ya fi wannan zurfi. Yawancin antibayotik suna kashe bakteriya ne lokacin da take aiki. Fenisilin da danginsa, alal misali, suna lalata bangon da ƙwaya ke ginawa in za ta rabu biyu. Wadda ba ta gini, ba abin da fenisilin zai rushe mata. A can ƙasan bayofim abinci ya yi ƙaranci, iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai ƙwayoyin su rage komai su yi likimo. Ba su mutu ba, ba sa kuma girma. Magani zai zo ya zauna a kansu mako shida ya tafi, su ko gezau. Tun 1944 Joseph Bigger ya lura cewa fenisilin ba ya ƙarar da Staphylococcus kakaf a kwalbar gwaji, kullum sai 'yan tsiraru sun rage, kuma in aka janye maganin su farfaɗo su cika kwalbar. A cikin bayofim irin waɗannan masu likimo suna da yawa, ga kuma mafaka. Shi ya sa gwaje-gwaje ke nuna cewa kashe ƙwayar da ke cikin bayofim na iya buƙatar ninki goma har zuwa ninki dubu na abin da zai kashe 'yar'uwarta mai yawo. Babu ƙoda ko hantar da za ta ɗauki wannan adadi. Kafin maganin ya gama da ƙwayar, ya gama da mai shan sa.

A nan ne ake yawan ruɗewa da takardar gwaji. Takarda za ta ce ƙwayar tana jin magani kaza, a ba da shi, ciwo ya dawo, sai a ce ko maganin jabu ne, ko ƙwayar ta bijire. Ba lallai ba. A ɗakin gwaji ana auna ƙwayar ne a sake, tana cikin abinci tana ta hayayyafa. Ita ce dai, ba ta canza ba, zaman da take yi a kan roba ne daban. Bijirewar magani ta gado wani abu ne, wannan juriya ta zaman bayofim wani abu ne, ko da yake shan magani guntu-guntu a kai a kai na iya haifar da ta farkon a kan ta biyun. Wannan na cikin abin da ya sa ba na son a yi zagaye na huɗu da na biyar.

Sojojin jiki ma ba su tsira ba. Fararen ƙwayoyin jini aikinsu haɗiye bakteriya ne, to amma ba sa iya haɗiye shimfiɗar da ta fi su girma nesa ba kusa ba, kuma an nuna cewa kusa da baƙon abu ƙarfinsu na raguwa. Sai su tsaya a bakin yauƙin suna zubar da gubarsu, gubar kuma ta faɗa kan naman da ke kewaye. Ruwan da kuke gani yana tsiyaya daga cinyar Baba, yawancinsa sakamakon wannan faɗa ne da ba ya ƙarewa. In muka buɗe irin wannan wuri, abin da muke tararwa ba ya ɓuya. Lafiyayyar roba a manne take da nama, sai an sa wuƙa an ɓanɓare ta. Mai bayofim kuwa tana kwance sako-sako cikin ruwa mai yauƙi, nama ya ja baya ya bar ta, kana iya zagaya ta da yatsa.

To ka ga abin da ya faru sau uku. Maganin ya kashe waɗanda suka ɓalle suka shiga nama, kumburi ya sauka, rami ya kame, kowa ya yi hamdala. Waɗanda ke kan saƙar suna nan. Aka gama magani, suka farka. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Rashin zazzaɓi kuma ba ya wanke robar, sai ma ya ba mu hasken wace ƙwaya ce. Mukan raba ciwon gida biyu, na wuri wanda ke bayyana cikin wata huɗu da aiki, da na jinkiri. Na wuri yawanci aikin Staphylococcus aureus ne ko bakteriyar hanji irin su E. coli, ko Pseudomonas, kuma da hayaniya yake zuwa: zazzaɓi, ja, mugunya, rauni ya buɗe. Na jinkiri kuwa, wanda ke ɓulla bayan watanni ko shekaru, sau da yawa Staphylococcus epidermidis ce, ƙwayar da ke zaune a fatar kowa ba ta cutar da kowa. Ba ta da dafin kirki. Gwanintarta ɗaya ce, yin yauƙi. Ba ta cika shiga jini ba, don haka gwajin jini ya fito fes, yawan fararen ƙwayoyin jini ma daidai. Dennis Bandyk da abokan aikinsa a Amurka ne suka fito da wannan fili a shekarun 1980, a kan irin robar da aka sa wa Baba.

Wani zai ce, tunda ƙwayar mai sanyi ce, ba zafi ba zazzaɓi, me zai hana a bar shi yana wanke wurin yana sa bandeji? Nan ne hankalina ya fi tashi, kuma ina roƙonka ka karanta wa 'yan'uwanka wannan sashe. Roba ba ta taɓa haɗewa da jijiya yadda nama ke haɗewa da nama. Har ƙarshen rayuwa, abin da ke riƙe da mahaɗar shi ne zaren ɗinki da ƙarfin bangon jijiyar da zaren ya kama, da tabon da ya naɗe wurin. Kumburin da ba ya ƙarewa yana cin bangon nan a hankali. Wata rana ɗinki ya saki, jini ya fara taruwa a gefe, ya yi ƙullutu mai bugawa tare da bugun zuciya. In ya fashe, jinin babbar jijiya ne, mintoci kaɗan ya isa. Pseudomonas ta fi kowa saurin wannan ɓarna, don tana fitar da sinadaran da ke narkar da bangon jijiya. Ciwon yana kuma iya bin robar ya haura sama zuwa ciki, inda take kwance a bayan farkon ƙaramin hanji. In ta ci hanjin, hanya ta buɗe tsakanin awota da hanji, mutum ya yi aman jini ko baƙin bayan gida. Sau da yawa jinin farko kaɗan ne, ya tsaya da kansa, sai babban ya biyo baya bayan awanni ko kwanaki. Robar na iya toshewa ma, ko gudajin jini mai ƙwaya ya gangara ya toshe jijiyoyin ƙafa.

Kafin a shiga tiyata akwai abubuwan da ya kamata a tabbatar, kuma kuna da haƙƙin tambaya. Na farko, iya ina ciwon ya kai? Hoton siti sikan mai allurar rini shi ne matakin farko. A ƙa'idojin da wata ƙungiyar likitocin Birtaniya ta fitar a 2016, waɗanda ake kira MAGIC, ruwa a kewayen roba bayan wata uku da aiki, ko kumfar iska bayan mako bakwai, babbar alama ce. Rami daga fata da ya kai ga roba shi ma babbar alama ce. Inda siti sikan bai warware ba, hoton PET yana nuna wuraren da kumburi ke ci, kuma yana taimakawa a gane ko reshe ɗaya ne ya kamu ko har gangar jikin robar. Amsar wannan ita ke raba aikin da za a yi a cinya kaɗai da wanda sai an buɗe ciki.

Na biyu, wace ƙwaya ce? Auduga da aka goga a bakin ramin ba abin dogaro ba ce, ƙwayoyin fata kawai za ta kwaso. Ana son ruwa daga zurfi, da yankan nama daga wurare da dama, da ita kanta robar in an cire. Robar ma in aka sa ta a abincin renon ƙwaya haka kawai, sau da yawa ba abin da ke tsirowa, don suna manne. Shi ya sa ake sa ta a ruwa a girgiza ta da sautin da kunne ba ya ji, yauƙin ya wargaje, sannan a rena ruwan har kwana 10 zuwa 14. Akwai kuma gwajin da ke neman gadon halittar bakteriya kai tsaye, mai amfani in antibayotik ya hana ta tsirowa. Saboda wannan, in jikin majinyaci a natse yake, likita kan dakatar da magani na ɗan lokaci kafin ɗaukar samfur. Likita ne zai yanke wannan, kada ku dakatar ko ku fara da kanku.

Shi aikin kansa manufarsa uku ce a haɗe: a fitar da robar da ta kamu, a yanke duk naman da ya lalace, a sama wa ƙafa wata hanyar jini. Ta ukun ce mai wuya. Tsohuwar dabara ita ce a kauce wa wurin gaba ɗaya, a jawo jini daga jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya, a bi da sabon bututu ta ƙarƙashin fata har cinya, a ɗinke kututturen awota. Tana aiki, amma bututun yakan toshe, kututturen kuma na iya fashewa. Yau an fi karkata ga maye gurbi a wurin da aka cire, da abin da ƙwaya ba ta samun sauƙin kamawa. Mafi juriya shi ne jijiyar mutum ta kansa: a ciro babbar jijiyar cinya mai mayar da jini zuwa zuciya a ƙera sabuwar hanya da ita, dabarar da Patrick Clagett ya bayyana a 1993. Ba ta cika sake kamuwa ba, sai dai aikin dogo ne, yana son mai sauran ƙarfi. Akwai jijiyar mamaci da aka adana a daskare, akwai bututun da ake ɗinkawa daga tantanin zuciyar saniya, akwai Dacron da aka jiƙa da antibayotik mai suna rifamfisin ko aka shafe da azurfa. Jagorar ƙungiyar likitocin jijiyoyin jini ta Turai ta 2020 ta fifita jijiyar mutum ta kansa ga wanda zai iya ɗaukar aikin. Duk wanda aka zaɓa, ana son a lulluɓe shi da nama mai jini, tantanin kitsen da ke rufe hanji in a ciki ne, ko tsokar cinya in a gindin cinya ne. Dalilin shi ne wanda na faɗa a baya: nama mai jini ne ke kawo sojoji da magani.

In hotuna suka nuna reshen hagu ne kawai ya kamu, kuma aka tarar sama a manne take da nama lafiya, ana iya cire reshen kaɗai. In kuma ƙwayar epidermidis ce, sakamakon maye gurbi a wurin yakan yi kyau fiye da na sauran. Waɗannan biyun, in sun tabbata, labari ne mai daɗi a gare ku. Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba: in sai an cire robar awota duka, a rahotanni da dama ana rasa mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma a kwanakin aikin, wasu kuma suna rasa ƙafa. Amma haɗarin ya fi haka nesa in aka shiga da gaggawa, jini na zuba, cikin dare, ba shiri. Aikin da aka tsara, aka duba zuciya da ƙoda, aka daidaita suga, aka gina jiki da abinci, aka tanadi jini, daban yake.

Antibayotik bai fita daga lissafi ba, matsayinsa ne ya canza. Bayan an cire gidan, shi ke share ragowar da ke cikin nama, galibi na kimanin mako shida, wani lokaci fiye. Rifamfisin na cikin 'yan magungunan da ke taɓa Staphylococcus mai likimo, amma ba a taɓa ba da shi shi kaɗai, don ƙwaya na bijire masa cikin kwanaki, kuma ba a son fara shi rauni na tsiyaya, ƙwaya na da yawa. Yana mayar da fitsari ja-ja, wannan ba komai, amma yana rage ƙarfin magunguna da yawa, har da wafarin da wasu magungunan tsinka jini, don haka a nuna wa likita duk abin da Baba ke sha.

Akwai majinyatan da jikinsu ba zai ɗauki babban aiki ba, saboda zuciya ko huhu ko tsufa. Su akan wanke wurin, a sa na'urar tsotsar rauni, a rufe da tsoka, a bar robar, sannan su ci gaba da shan antibayotik na dogon lokaci, wasu har ƙarshen rayuwa. Zaɓi ne na mutunci, kuma na ga waɗanda suka yi shekaru a kansa cikin iyalinsu. Sai dai a shige shi ido buɗe: danne ciwo ne, ba warkarwa ba, kuma ba ya dacewa in ɗinki ya fara saki, ko hanji ya huje, ko ƙwayar Pseudomonas ce. Bincike na ci gaba a kan wasu hanyoyin. A 2018 masu bincike a Jami'ar Yale suka ba da rahoton wani majinyaci da Pseudomonas ta kama masa robar awota a ƙirji, aka yi masa magani da bairos mai cin bakteriya haɗe da antibayotik, ciwon ya lafa. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma har yanzu a matakin gwaji yake, kada ku jinkirta aiki kuna jiran sa.

Shawarata, ɗan'uwa, ku koma wurin likitan tiyatan ku zauna da shi, da Baba a wurin, don jikinsa ne kuma maganarsa ce ta ƙarshe. Ku tambaye shi iya inda ciwon ya kai a hoto, reshe ɗaya zai cire ko duka, da me zai maye gurbi, kuma ko akwai likitan cututtuka masu yaɗuwa da zai tsara maganin tare da shi. In kuna son jin ta bakin wani likitan jijiyoyin jini na biyu, ba laifi, amma a yi shi cikin kwanaki, kada ya ɗauki watanni. Kafin nan kada a matsa kumburin, kada a tsaga shi, kada a cusa komai a ramin, a rufe da bandeji mai tsabta kawai. In yana shan taba ya ajiye, in yana da suga a kula da ita sosai.

Idan kuka ga jini a bandejin ko da ɗigo ne, ko kumburin ya fara bugawa ko girma da sauri, ko ya yi aman jini ko baƙin bayan gida, ko ƙafar ta yi sanyi ta canza launi tana ciwo, ko zazzaɓi da rawar ɗari suka zo, a tafi asibitin da ke da likitan jijiyoyin jini a wannan sa'ar, ko da jinin ya tsaya da kansa. In jini ya ɓalle a gida, a kwantar da shi, a danna wurin da tsumma mai tsabta da dukkan nauyin hannu biyu, kada a ɗaga don dubawa, a riƙe haka har a shiga asibiti. Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya tashi kafaɗunsa.